Ina Kofur Ɗayyabu?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani kamfanin buhu a Sharada, tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Mai sayar da abinci ba ta da abin kallo sai hannuwa da fuskoki. Na san wadda take ci don yunwa, na san wadda take ci don kar a tambaye ta me ya same ta. Aina'u tana cikin na biyun.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Challawa. Mahaifinta manomi ne, har kamfanoni suka matso gonar ta tafi, ruwan rafin da suke ban-ruwa da shi ya koma wani launi da ko akuya ba ta kai baki. Ta gama firamare, ta yi Islamiyya, ta auri Lawan ɗan unguwarsu, wanda a lokacin lodin kaya yake yi a Dakata. Tana son shi yana son ta, babu wani dogon labari a nan. Sau biyu yana zuwa neman aikin soja ana dawo da shi, a na uku aka ɗauke shi. Ya kai kofur, aka tura su arewa maso gabas, ita kuma ta zauna a gidan iyayensa da 'yarsu Firdausi. Duk zuwan da zai yi hutu sai ta daka masa yaji, barkono da citta da kanumfari da ƙuli-ƙuli, ta ƙulla masa a leda biyu. Ya ce mata abincin can ba a jin komai a cikinsa, yajinta ne kawai yake tuna masa cewa yana da harshe.

Wata rana wayarsa ta daina shiga. Yayansa ya je ya tambaya, aka karɓe shi da mutunci, aka duba takardu, aka ce sunan Lawan ba ya cikin waɗanda suka rasu, ba ya kuma cikin waɗanda suka dawo. Yana cikin waɗanda ba a gani ba, ana kan dubawa. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, shekara uku da 'yan watanni ana kan dubawar.

Ni na yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Abu ne mai ɗaci, amma yana da ranar shiga da ranar fita. An shimfiɗa min tabarma, mata sun cika tsakar gida, kowacce ta durƙusa ta ce min ya haƙuri, na amsa har muryata ta dushe. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Aina'u ba a shimfiɗa mata komai ba. Mutane ma ba su san gaisuwar da za su yi mata ba, sai su ce, “An ji wani labari?” ta ce a'a. Daga baya suka gaji suka daina tambaya. Ko Firdausi, da wata ƙungiya ta zo unguwarsu rubuta sunan marayu don ɗinkin sallah, an rubuta ta, sai aka sake gogewa, don babu wanda zai iya cewa marainiya ce.

Da zama ya ƙi, ta nemi aiki a kamfanin nan, sashen ɗinke gindin buhu. Tana shigowa da sassafe, gashin girarta da bakin hijabinta su yi fari da ƙurar zaren roba kafin azahar. Dokar kamfani ba a shiga da waya, kowa yana bari a wurin maigadi, Malam Ɗahiru, dattijo ne mutumin Jigawa, shi yake jan sallah kuma a 'yar rumfar da ke gefen ƙofa. Yana da akwatin katako da yake zuba wayoyin mutane. Ta Aina'u ce kaɗai ba ya sawa a ciki. 'Yar ƙarama ce mai tocila, layin da Lawan ya sani ne a cikinta, a aljihun gaban rigarsa yake ajiye ta don in ta yi ƙara ya ji. Ba ita ta roƙe shi ba.

Shi ne ma ya taɓa yi mata maganar alƙali, a gabana. Ya ce, “'Yata, addini bai bar mace a rataye ba. Akwai hanya. Ki kai magana gaban alƙali, shi zai duba ya yanke, ki san matsayinki.”

Ta ce, “Wato ni zan ɗauki ƙafata in je in ce a rubuta ya mutu? In na dawo na tarar da shi a zaure fa, Malam?”

Bai sake tayar da zancen ba.

Littafin kuwa Badi'a ce ta kawo mana shi. Badi'a tana kan injin yanka, doguwa ce mai murya, tana da babbar waya mai fasasshen gilashi. Tana cikin wani guruf na masu karatu a waya, inda wata marubuciya take sako labari kullum feji ɗaya. Babu wanda ya san fuskar marubuciyar. Da an busa jiniyar hutun azahar, an yi sallah, sai mata su cika bencina da kwanukansu, Badi'a ta karɓo wayarta, ta ci loma ɗaya ta karanta layi biyar. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba na iya bin rubutun waya da sauri, amma kunnena lafiya lau. Ina zuba mai da yaji ina ji.

Labarin wani soja ne, Kyaftin Zuhair. Dogo, fari, ba ya dariya, ba ya cin abinci sai shayi. Shi kaɗai yana shiga daji ya fito da mutum ashirin a ɗaure. Akwai wata likita Rumaisa da take son shi, shi kuma ko kallonta ba ya yi, wannan rashin kallon shi ne abin da ya fi kashe mata a bencin nan. Sa'adiya, wata gajeriya mai 'ya'ya huɗu daga sashen ƙirga buhu, ita ce shugabar masoyansa.

“Wayyo Kyaftin!” in ji ta, ta dafe ƙirji. “Badi'a maimaita wurin da ya cire gilashi.”

Badi'a ta ce, “Ke dai ki ji kunya, mijinki Baban Sadiq yana can yana fama da adaidaita a Bompai, kina nan kina wayyo Kyaftin.”

“Shi ma ai yana cire hula. Sai dai in ya cire sanƙo ne yake gaishe ni.”

Malam Ɗahiru yana daga ƙofa da carbinsa, wai shi ba ya saurare. Amma da an zo wurin da Kyaftin ya harbi mutum bakwai da harsashi uku sai ka ji ya ce, “Ƙarya ce wannan. Ko ta tsafi ce bindigar.” Wani lokacin ya ce shi duk sojojin da ya sani a rayuwarsa sunansu Audu ne da Garba da Sunday, bai taɓa jin Zuhair ba. Su yi masa ca, su ce to Malam ai mun ɗauka ba ka ji.

Aina'u ba ta cikin wannan. Can ƙarshen benci take zama, bayan tukunyata, ta ba su rabin baya. Na ɗauka jin kalmar soja ne ba ta so, na taɓa tunanin in ce wa Badi'a su matsa gaba. Sai ranar da aka kawo direban Kyaftin.

Sunansa Kofur Ɗayyabu. Marubuciyar ta sako shi ne don a yi dariya. Mai surutu ne, mai tsoron maciji, kullum yana zancen tuwon gidansu. A wannan fejin an raba wa sojoji abinci a daji, sai ya laluba aljihun kakinsa ya ciro ƙullin yaji a leda ya barbaɗa, ya ce matarsa ce ta daka, ko Kyaftin ya roƙa ba zai ba shi ba. Mata suka yi dariya suka wuce. Ni kuwa idona yana kan Aina'u. Cokalinta ya tsaya tsakanin kwano da baki, har shinkafar ta zube.

Washegari ta zauna a tsakiyar benci.

Ba ta yin ihu irin nasu. In ana yaƙi ba ta motsi, in ana soyayya ta ci abincinta. Amma da an ambaci Ɗayyabu, ko da layi ɗaya ne, ko cewa aka yi ya tayar da mota, sai ta ɗago. Sau ɗaya na ga haƙoranta, ranar da ya haye saman mota saboda igiya da ya zaci maciji ce. Ta ce a hankali, “Haka suke. Ga bindiga a hannu.” A shekara biyun da na san ta, ranar na fara jin dariyarta.

A feji na arba'in da ɗaya aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi. An fasa tayar mota, an sace likita Rumaisa an haye da ita. Kyaftin ya dubi Ɗayyabu ya ce, “Tsaya a nan ka tsare mana baya. Zan dawo in ɗauke ka.” Ya faɗa ruwa. Feji uku ana gumurzu a ƙetare, ya ceto ta, an harbe shi a kafaɗa, jirgi ya zo ya kwashe su zuwa asibiti. A asibitin ne ya fara kallonta. Ranar Sa'adiya ta yi guɗa har direban wata tirela ya leƙo.

Aka shiga zancen jinya, aka shiga zancen wani Manjo maci amana, aka shiga zancen iyayen Rumaisa da ba sa son soja. Kwana biyar ana haka. A na shida Badi'a ta gama karatu tana suɗe cokali, sai Aina'u ta ce, “Ɗayyabu fa?”

“Wane Ɗayyabu?”

“Direban. Wanda aka ce ya tsaya a bakin kogi.”

“Au, mai yaji? Zai fito mana. Ke dai bari a ɗaura auren nan tukuna.”

Bai fito ba. An sallami Kyaftin, ya sami sabon direba, marubuciyar ko suna ba ta ba wannan ba. Aina'u ta fara ƙirga kwanaki, ba namu ba, na cikin littafin. In aka ce bayan sati biyu, sai ta haɗa. Wata rana tana miƙo min kwano ta ce, “Iya, yau kwanansa talatin da huɗu a wurin. Ruwan gorarsa ba zai kai ba. Sai dai in na kogin yake sha.”

Na ce, “Aina'u, ƙirƙira ce fa. Wata ce ta zauna a ɗakinta ta shirya.”

Ta ce, “Na sani, Iya. Ai shi ya sa. Wannan akwai wadda ta san amsar.”

Na ƙara mata wake.

Daga nan ta tsani Kyaftin Zuhair, tsana ta gaske, irin wadda ake yi wa mai rai. Ranar da aka karanta yadda aka ba shi lambar yabo, ana ta tafi a bencin, sai ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “Mutumin banza ne.”

Sa'adiya ta ajiye kwano. “Wa?”

“Kyaftin ɗinki. Ya ce zai dawo. Ya sha shayinsa, ya yi aski, ya je zance, ko sau ɗaya bai ce ina yaron nan da na bari ba.”

“To mutumin da aka harba a kafaɗa? Kwana nawa bai san inda kansa yake ba!”

“Ya farfaɗo ai. Ya san hanyar gidan su Rumaisa.”

“Ke Aina'u, littafin nan na Kyaftin ne ba na direba ba. In kowane kurtu sai an bi shi gida, yaushe za a gama?”

Sa'adiya tana rufe baki ta gane abin da ta faɗa. Aina'u ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Haka ne,” ta wanke hannu a butata ta koma ciki tun kafin jiniya.

Bayan wannan ne ta fara roƙon Badi'a ta rubuta wa marubuciyar. A guruf ɗin, in an sako feji, masu karatu suna zuba sharhi, ɗaruruwa, wasu na addu'a, wasu na zagin Manjo, wasu na rantsuwar in aka raba Kyaftin da Rumaisa sun bar karantawa har abada. Aina'u ta tsaya a kan Badi'a tana faɗa mata abin da za ta rubuta, kamar mai aika wasiƙa ga hakimi.

“Ki ce wata baiwar Allah tana gaishe ta, Allah ya ƙara basira. Ki ce don Allah in ba damuwa, Kofur Ɗayyabu da aka bari a feji na arba'in da ɗaya, me ya same shi. Ki ce ko a layi ɗaya ne.”

“In ce a dawo da shi?”

“A'a. Ki ce dai me ya same shi. Ko kashe shi ta yi, ta kashe shi in ji.”

Badi'a ta tura. Kafin ta ɗago kai sharhi sittin sun hau kansa. Duk Juma'a sai sun sake turawa, kusan wata uku. Sau ɗaya wata a guruf ɗin ta amsa, ta ce wai wace ce wannan mai nacin direba, ko mijinta ne. Badi'a ba ta karanta mata wannan ba. Ni ta nuna wa, bayan Aina'u ta shiga.

Littafin ya ƙare ranar wata Talata, ana saura 'yan kwanaki azumi, rana tana dukan kwanon rumfata kamar za ta narkar da shi. Babu wanda ya zaci abin da marubuciyar za ta yi. Kwana bakwai da ɗaura aure aka kira Kyaftin aiki na ƙarshe, ya kama Manjo maci amana, amma gurneti ya tashi da shi. Ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar Rumaisa. Badi'a da kanta sai da ta tsaya sau uku tana jan hanci kafin ta kai ƙarshe.

Ban taɓa ganin irin wannan ba a bencina. Manyan mata masu jikoki suna kuka da hawaye. Shinkafa ta huce a kwanuka. Wata ta ce Allah ya isa tsakaninta da marubuciya. Malam Ɗahiru ya ce, “Ku ji tsoron Allah, mutumin da ba a haifa ba kuke yi wa salati?” Amma na ga ya juya yana goge ido da bakin rawaninsa, wai ƙura.

Da kukan ya lafa sai ya koma wasa, kamar yadda mata suke yi in sun ji kunyar kansu. Aka ce ai Sa'adiya ce uwargidan Kyaftin, ita za a yi wa gaisuwa. Ta ja hijabi ta rufe fuska, ta zauna a ƙasa a kan wani yagaggen buhu, ta ce daga yau ta shiga takaba, a faɗa wa Baban Sadiq kar ya nemi tuwo. Mata suka jeru suna durƙusawa. “Ya haƙuri, Hajiya?” “Da godiya.” “Allah ya jiƙan Kyaftin.” “Amin, amin.” Ana kuka ana dariya. Sai ta tashi ita ma ta ce ai mutuwar ta kowa ce, ta fara bin benci tana yi wa kowacce gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Na hango inda za ta kai. Na buɗe baki in kira sunanta, ban yi sauri ba. Ta riga ta durƙusa a gaban Aina'u, ta kama hannunta da hannu biyu.

“Aina'u, ya haƙuri?”

Shekara uku da watanni babu wanda ya taɓa faɗa mata wannan kalmar. Na ga ta shige ta kamar yadda ruwa yake shiga busasshiyar ƙasa. Ta gyara zama, ta sunkuyar da kai yadda ake yi, ta ce, “Da godiya.” Muryar ba ta wasa ba ce.

Sa'adiya ba ta lura ba, bakinta ya riga ya saba da jerin. Ta ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.”

Aina'u ta buɗe baki. Leɓenta ya haɗu zai ce amin, ya rabu. Ya sake haɗuwa. Sa'adiya ta saki hannun a hankali kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Amin ɗin bai fito ba. Ta dubi aljihun Malam Ɗahiru, inda ya mayar da wayarta bayan ta duba ta, sannan ta dubi Badi'a.

“Shi ke nan ƙarshen? Babu saura?”

“Babu. Ta rubuta tammat.”

“Ba a koma kogin ba.”

“Ba a koma ba.”

Badi'a mai baki ce amma tana da zuciya. A daren ranar ban san me ta yi ba, ta dai ce min ta nemo lambar marubuciyar a wurin wata mai kula da guruf, ta tura mata saƙo ita kaɗai, ba cikin taro ba. Ba ta faɗa mata labarin Lawan ba, ta ce ba huruminta ba ne. Ta dai ce akwai wadda tambayar nan ta hana ta sukuni.

Ranar Alhamis amsa ta zo, saƙon murya. Badi'a ba ta saurara ba sai da Aina'u ta fito. Ta ce, “Ga ta nan, da bakinta.” Muka matso, har Malam Ɗahiru ya baro ƙofa. Aina'u ta goge hannunta a jikin hijabi kamar za ta karɓi wani abu.

Muryar yarinya ce, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ana jin kukan jariri a bayanta da ƙarar ludayi a tukunya. Tana magana tana dariya, dariyar kirki, ba ta raini ba.

“Wayyo Allah, Kofur mai yaji! Wallahi tallahi na manta da shi shaf, sai da na koma na duba. Kin san abubuwa da yawa, ga yara ga rubutu. Allah sarki bawan Allah, ashe yana can. Don Allah ki ba ta haƙuri. Ki tambaye ta yadda take so, a raye ko a mace, duk wanda ta zaɓa sai in ƙara layi biyu a ƙarshe in sako. Na gode da ƙauna.”

Aina'u ta ce a sake kunnawa. Aka sake. Ta saurara har zuwa na gode da ƙauna.

Badi'a ta ɗora yatsa a kan wurin ɗaukar murya. “To faɗi. Ke ta ba zaɓi.”

“A raye mana!” in ji Sa'adiya. “Ki ce masunta sun tsince shi. Ki ce ya dawo gida ranar sallah, matarsa tana daka.”

Wata ta ce a'a, gara a ce ya yi shahada, ya fi daraja, kwana nawa mutum zai yi a daji. Suka fara gardama a tsakaninsu. Malam Ɗahiru ya koma ƙofarsa.

Aina'u tana kallon wayar. Ni na san abin da take gani. Wata uku tana bin mutum ɗaya a duniya da ta tabbata ya san amsa, ashe ita ma ba ta sani ba. Marubuciyar ta juyo da tambayar ta miƙo mata, irin miƙowar da za a yi mata a gaban alƙali.

“Aina'u, yatsana ya gaji.”

Ta ce, “Ki ce mata an gode.”

“Shi ke nan? A raye ko a mace?”

“Ki ce an gode. Allah ya raya mata jaririn.”

Aka busa jiniya. Ta ajiye kwanonta a cikin bahon wanke-wanke, rabin abincin yana ciki, ta bi layi ta shige.

An yi azumi biyu tun daga ranar. Marubuciyar ta yi wani littafin, na wani Manjo matuƙin jirgin yaƙi, Sa'adiya ta fita takaba ta koma wayyo Manjo. An rage ma'aikata sau ɗaya, Badi'a ta koma wani kamfanin a Bompai, wata ce take karatun yanzu, ba ta kai ta murya ba. Aina'u ta koma ƙarshen benci bayan tukunyata. Firdausi ta shiga aji uku. Yayan Lawan ya sake zuwa ya tambaya, ana kan dubawa. Iyayen Lawan da kansu sun ce mata in tana son zuwa wurin alƙali ba za su riƙe ta a zuciya ba, ta ce ta ji. Wayar tana nan a aljihun Malam Ɗahiru, ya ce in ta yi ƙara yawanci kamfanin layi ne.

Yaji ba ya wuce wata uku yana da ƙamshi. Duk bayan wata uku sai ta daka sabo ta ƙulla a leda biyu ta ajiye, ta kawo min tsohon. Shi nake barbaɗa wa mutane a shinkafa. Direbobin tirela suna yabawa, suna tambayata wa yake daka min. Ina cewa wata ce a nan ciki.